Ƙwayar da Ta Ƙulle a Bakin Mayafi

Na shiga kwale-kwale a Kwatano, na hau jirgin ruwa daga Bar Sudan zuwa Jidda, na yi kwana uku a bayan babbar mota tsakanin Agadas da Damagaram, amma ban taɓa sanin tashin zuciya a hanya ba. Matata kuwa, da zarar mota ta fita Ƙofar Ƙaura sai jiri ya kama ta, gumi ya keto mata, amai ya biyo baya. Saboda haka duk shekarun da na yi ina yawon fatauci tana gida a Ƙofar Sauri. Na kan dawo in ba ta labarin garuruwa, ta saurara tana tankaɗe, ta ce, "To, madalla. Ka gano mana."

Ba don ba mu nemi dabara ba. Duk inda na je sai na tambaya. Matuƙan jirgin ruwa sun ce mutum ya kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa. A Ikko na ga mata suna shimfiɗa jarida su zauna a kai. A Yamai wata tsohuwa ta ce a tsotsi lemon tsami. Matata ta gwada lemon, ta gwada citta, har jaridar ma ta zauna a kai tana dariya. Ba abin da ya hana. Daga baya ta haƙura, mu ma muka haƙura, duk wanda ke son ganinta shi ke zuwa.

Bara autarmu da ke aure a Kano ta haihu. Mun shirya za ta dawo gida wanka kamar yadda yayyenta suka yi, sai aka yi mata aiki kafin a ciro jaririn, likita ya ce ba ta ba tafiya. Mijinta ya kira ni ya ce tana kuka, uwarta kawai take nema. Na ba matata wayar. Ban ji abin da aka faɗa mata ba, na dai ga ta ajiye ta shiga haɗa kaya, da garin kunu da kanwa da yaji.

Muna da maƙwabciya 'yar Filato, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, kowa a layinmu Sista yake ce mata. Ita ta shigo da wata 'yar ƙwaya fara. Sai da ta tambayi matata ko tana da ciwon ido, da irin magungunan da take sha, sannan ta ce wannan dangin maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, amma yana kwantar da jiri da amai. "Mama, ki sha tun da saura awa guda ko biyu ku tashi. Ki ci abu kaɗan. Zai sa ki barci, bakinki zai bushe, kada ki damu." Matata ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya.

Ranar Alhamis muka ɗauki shatar mota. Ina gaba kusa da direba, tana baya. Ban tambaye ta ko ta sha ba. Muna dab da Charanci na ji ta ce a hankali, "Malam, miƙo ruwa." Na waiwaya sai na gan ta tana kwance ƙullin bakin mayafinta, ƙwayar na ciki. Ta haɗiye, ba a yi minti biyar ba ta dawo da ita tare da kokon safe. Muka tsaya gindin wata bishiya. Ta ce ƙasa na juya mata, ko zama ta kasa. Da ta ɗan farfaɗo muka juyo gida, muna tafiya muna tsayawa.

Sista ta same ta kwance a tabarma da la'asar.

"Mama, yaushe kika sha?"

"Da abin ya taso."

"Ba na ce tun a gida ba?"

"Haba Sista, ina lahiya lau in sha magani? Ai kiran ciwon ne. Mi zai iske cikin cikin ya yi faɗa da shi?"

Sista ta dube ni. "Kai kuma Baba, duk ƙasashen da ka je, ba ka iya tambaya ɗaya ba?"

Gaskiyarta ce. Kuma na fahimci matata. A gidan da ta tashi, magani na wanda ya kwanta ne, ana ajiye shi sai ciwo ya bayyana kansa. Ni ma da na fara ganin Turawa a jirgin ruwa suna haɗiyar ƙwaya tun muna bakin gaɓa, cewa na yi a raina ragwanta ce.

Sista ba ta yi mata dogon bayani ba. Ta ce, "Ke da kike rufe taga tun hadari na gabas, me ya sa ba kya jira ruwa ya shigo ɗaki?" Can wayar ta yi ƙara, autar ce, tana tambaya ko mun kusa. Uwar ta ce, "Jibi, in Allah Ya yarda. Ki daina kuka, ɗinki ne a jikinki."

Ranar Asabar Sista ta shigo da sassafe da shirinta na kasuwa, ta kawo wata ƙwayar, ta tsaya a kan matata har ta haɗiye, ta kuma ce a bar mata kujerar gaba. Na koma baya tsakanin buhun gero da ƙullin kaya.

Shekara da shekaru ina son in nuna mata wannan hanya. Na tanadi abin faɗa a kowane gari: inda mota ta taɓa lalace mana a Kankiya, inda nake sayo mata tsire, inda maganar mutane ke fara karkata zuwa Kananci. Muna wuce bishiyar Charanci na ce, "Kin ga wurin shekaranjiya?" Ba amsa. Direba ya ce, "Alhaji, ai tun Abukur ta yi barci." Haka muka wuce Tsanyawa da Bichi, kanta a jingine da gilashi, ni ina ba direba labarin da ya fi ni sani.

A ƙofar asibiti na tashe ta. Ta nemi ruwa, ta gyara mayafi, ta dubi titi.

"Nan ne Kanon?"

"Nan ne."

"Ashe kusa ne. Kai da ka ke ta ba mu labari kamar bangon duniya."

Na riƙe mata ƙullin kayan har ɗakin masu jego. Autar na ganinta ta yunƙura za ta tashi. Uwar ta ce, "Kwanta, kwanta," ta zauna bakin gadon, ta miƙa hannu aka ɗora mata jaririn.