Gado Mai Rami a Tsakiya

Daminar da amai da gudawa ya shigo Daura, an kafa tanti a bayan asibiti, aka zagaye shi da igiya. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma abu ɗaya na sani: asibitinmu gado ne da allura kawai. Ciyar da mara lafiya, juya shi, wanke shi in ya ɓata jikinsa, duk aikin ɗan'uwa ne. Sai ga shi an ce tantin nan ba a shiga da mai jinya.

Yayana dillalin shanu ne, mutum mai kunya, ko ni ban taɓa ganin gwiwarsa ba. Daga kasuwar Mai'aduwa ya dawo da ciwon. Kafin azahar idanunsa sun faɗa. Na jingine babur a ƙofar zaure, na ce ya tashi mu tafi.

Ya ce, "Kai za ka zauna da ni a can?"

"Ba sa bari, Yaya."

"An ce gadon da rami a tsakiya, bokiti a ƙasa, kuma ba wando, sai zane."

"Haka na ji."

"To in zanen ya zame wa zai rufe ni? Ma'aikaciyar asibiti, yarinyar da na ci tuwon sunanta?"

Na ce masa rai ya fi wando. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kai da ma tun kana yaro ba ka da kunya."

Na yi faɗa, na yi lallashi, har limamin unguwa na ɗauko masa. Ya juya fuska bango. Sai na haɗa ruwan gishiri da sukari ina ɗura masa da cokali, yana dawowa da shi. Ni na riƙa canza masa shimfiɗa, idona a kan rufin ɗaki, don abin da ya roƙa ke nan. Washegari da hantsi ya cika, a rufe har wuya.

Muna zaman makoki ma'aikatan lafiya suka zo feshin magani. Babbansu ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce jahilci ne ke kashe mutanenmu, da mun kai shi da ƙarin ruwa kawai za a yi masa ya tashi. Wataƙila gaskiyarsa ce.

Na ce, "Da na kawo shi, za ku bar ni in shiga in riƙe masa zane?"

Ya ce, "Malam, doka ce."

Ya gyara takunkumin fuskarsa, ya tambaye ni ina masai yake su yi feshi. Na nuna masa.