Girgiza Kan da Ya Kusa Ƙona Littafin Kakana

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina, shekarar da na cika tara. Jirgin ƙasa bai daɗe da fara ratsa Zariya ba, Tudun Wada kuwa 'yan gidaje ne a warwatse, gonaki a tsakaninsu. An kwarara ruwa da hantsi ya ɗauke, na faɗo zaurenmu a guje, taɓo har gwiwa, ƙwaryar ƙosai a ka. Kakana Alhaji Mamman yana zaune a kan buzu, ya miƙe ƙafar da kurkunu ya kama, har ya tsoma alƙalami a jar tawada yana jirana. Ko sallama ban ƙarasa ba na ce, “Alhaji, ya ce a'a.” Ya dube ni ya sake dubana, sannan ya goge bakin alƙalamin ya ajiye. Ni kuwa ina ta washe baki, a zatona na isar da aike kamar babba. Ban san na kawo masa labarin da zai hana shi cin tuwo ba.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane zancen. Kakana ya tafi hajji da ƙafa tun da sauran ƙuruciyarsa, ya bar mahaifina a goye, kafin zuwan Turawa, ya yi shekaru masu yawa a Makka. Sauran alhazai da dabino da tasbaha suke dawowa, shi kuwa da gafaka ya dawo, cike fal da takardu. A can duk inda ya ga baƙon fuska sai ya matsa kusa: mutanen Jawa, da na Buhara, da na Farisa, da na ƙasar Hindu da yanzu ake kira Indiya, har da wasu daga Sin. Ya tambaye su yadda suke naɗa sarki da yadda suke tuɓe shi, wa ya riga wa mulki, me masanansu suke faɗa a kan rai da mutuwa, yaya suke ɗaurin aure, yaya suke sulhu. Da ya dawo ya tarar mahaifina ya sami aikin masinja a tashar jirgi, sai ya zauna tare da mu ya shiga haɗa takardun nan su zama littafi guda a kan mutanen gabas. Wasu malaman unguwa suna ganin ɓarnar tawada ce, me ya haɗa mu da mutanen da ba su san da zamanmu ba? Shi dai ba ya musu da kowa. Amma yana da ƙa'ida guda da ba ya sassautawa, yakan ce, “Abin da na ji a baki ɗaya ajiya ce, sai na ji a na biyu yake zama nawa.” Duk maganar da ya sami mutum biyu a kanta sai ya ɗiga mata jar tawada a gefe, wadda ba ta samu ba kuwa ta zauna jira ko shekara nawa ne.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma na ɗauki sunan da gaske, har faɗa nake yi masa in ya bar furarsa ta tsinke. Rayuwata a lokacin ba ta da wani sarƙaƙiya. Da asuba mu yi karatun allo a zaurensa, gari na wayewa in share tsakar gida, in ja ruwa a rijiya in cika randa, in sa wa awaki harawa. Inna, wato mahaifiyata, ta riga ta wanke wake ta markaɗa a dutse, tana suya ina fifita wuta ina satar na gefe. In ba ranar talla ba ce sai a tura mu gonar da ke hanyar Tudun Jukun mu tsinko rama da kuɓewa, mu dawo da ƙaiƙayi a hannu da tsamiya a baki. Da yamma kuwa carafke ce a ƙofar gida, ni ce gwana kuma ni ce mai rigima, in aka cinye ni sai in ce dutsen ne bai da kyau. Surutuna ya sa duk unguwa aka san ni, shi ya sa ma ƙosan Inna ba ya kwana.

Kaso mafi girma na littafin a kan ƙasar Hindu yake, kuma kusan duka daga bakin mutum ɗaya ya fito, Malam Abdulkarimu, Ba'indiyen da suka zauna ɗaki guda da kakana a Makka har ya rasu a hannunsa. Cikin abin da ya gaya masa akwai wanda ya fi tsaya masa a rai: wai a ƙauyukansu in rigima ta tashi ba sai an je gaban sarki ba, dattawa biyar ake zaunarwa a gindin itace su yanke magana, kowa ya bi. Shekara da shekaru yana neman baki na biyu bai samu ba. Kwatsam sai ga wani Ba'indiye Musulmi an kawo shi aikin kafinta a tashar jirgi, Malam Yusufu, mu yara muna ce masa Baba Kafinta. Yana jin Hausa sarai amma faɗarta na yi masa nauyi, ga shi mutum ne marar yawan magana. Kullum in ya hango ni sai ya miƙo kwanonsa in zuba masa ƙosai, ba ciniki ba tambaya. Kakana ya so zuwa da kansa, ƙafa ta hana, mahaifina kuma an tura shi wata tasha. Sai ya biya mini tambayar sau uku kamar hadda, ya ce in je in dawo masa da amsa.

Na je na same shi yana feƙe katako. Na gaishe shi, na ɗaga yatsu biyar na ce, “Baba, wai Alhaji ya ce, a ƙauyenku dattawa biyar ne suke yin shari'a?” Ya tsaya da aikin, ya yi murmushi, ya girgiza kai, wannan kafaɗa zuwa waccan. To, a wurinmu wanda ya yarda gyaɗa kai yake yi, wanda ya ƙi ya girgiza, ko jariri ya san wannan. Ban tsaya ƙarin bayani ba na kwasa a guje, abin da ya kawo ni zaure ke nan da taɓo a ƙafa.

Washegari kakana bai yi karatu da mu ba. Ya zazzage gafaka, ya ware duk takardar da ta fito daga bakin Malam Abdulkarimu, ya ɗaure su da zare, ɗauri mai kauri. Na ji yana gaya wa Inna cewa ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ta hura masa wuta. Inna ta ba shi haƙuri, ta ce wahalar shekaru ce, ya ce ko dai abokinsa ya yi masa ƙarya, ko kuwa kunnensa ne ya ji ba daidai ba, kuma ko wanne ne ba zai bar wa na baya abin da ba shi da tabbas a kai ba. Aka kai masa tuwo ya dawo yadda aka kai. Ya zauna yana kallon ɗaurin nan kamar mai gadin gawa. A ranar na fara jin abin da ake kira baƙin ciki, don ina son tsohon nan fiye da kowa, ga shi bakina ne ya jawo, ko da yake har lokacin ina ganin gaskiya na faɗa.

Ranar Alhamis na koma tasha da talla. Baba Kafinta hannunsa biyu na riƙe da zarto, bai miƙo kwano ba, sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambaye shi, “Baba, a zuba?” Ya girgiza kai. Na juya zan tafi, sai na ji ya saki zarto yana kira, “Zuba, zuba!” ga kwano a hannu. Na tsaya cak. Na ce, “Baba, sunanka Yusufu?” Ya girgiza kai. Na dafa katako na ce, “Wannan katako ne?” Ya girgiza kai yana dariya. Na ce, “Ni namiji ce?” Sai ya kece da dariya ya yarfa hannu ya ce, “A'a, a'a!” Ashe girgizar nan ita ce i ɗinsu.

Hanyar gida ba ta taɓa yi mini tsawo kamar ranar ba. Na zauna a gindin wata tsamiya ina lissafin yadda zan yi. Na riga na cika wa ƙawayena baki a wurin carafke cewa ni ce jakadiyar Alhaji, har Ba'indiye nake yi wa tambaya. In na faɗa, ga kunya, ga muciyar Inna. In na yi shiru ba wanda zai taɓa sani, gobe wuta ta ci takardu magana ta mutu. Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina auna shirun nan, har ya yi mini daɗi. Abin da ya tayar da ni shi ne tuna tuwon da ya dawo ba a taɓa ba. Na shiga zaure na durƙusa, na fashe da kuka, na faɗa masa komai tun daga ƙosai har zuwa katako.

Na zaci tsawa zai yi. Sai kawai ya fara dariya, dariya har tana girgiza ƙafar mai ciwo, daga nan kuma na ga hawaye na bin gemunsa. Ya ɗaga hannu ya roƙa wa Malam Abdulkarimu gafara, ya ce ya zargi mamaci kwana biyu a kan abin da bai yi ba. Sannan ya jawo ni ya ce, “Uwata, laifina ya fi naki. Na karɓi abin da kika ce ya faɗa, ban tambaye ki me kika gani ba.” Ya kira Inna ya ce a kawo masa tuwo, kuma kada wanda ya taɓa ni.

Ranar Juma'a aka aro jakin maƙwabci aka ɗora shi, ina riƙe da igiya, muka nufi tasha mutane na kallo. Shi da Baba Kafinta suka zauna a kan wani gungume, Hausa ta ƙare su koma guntun Larabci, Larabci ya ƙare su koma yatsu. Ashe kawun Baba Kafinta ma yana cikin dattawa biyar na ƙauyensu. Ya faɗi irin rigingimun da suke yankewa da waɗanda suka fi ƙarfinsu, har ya gyara wa kakana wasu wurare. Muna dawowa kakana ya kwance zaren, ya ɗiga jar tawadarsa. Sannan ya ɗauki sabuwar takarda ya rubuta yadda mutanen Hindu suke cewa i da kai, ya sa sunana a ƙasa, ya karanta mini da ƙarfi: “Ta kawo kuskure ranar Talata, ta dawo da gyara ranar Alhamis, ba wanda ya tilasta ta.” Daga ranar in zai je wurin Baba Kafinta tare muke zuwa, kuma a wurin kakana na koyi rubutun da nake yi yau.

Yanzu Tudun Wada ta cika ta batse, gonar ramar nan gidaje ne da shaguna. Jikata tana karatu a jami'a, a kan siyasa da tarihin ƙasashen Asiya take bincike, kuma har jirgin sama ya kai ta can ta dawo. Kwanaki ta zo daga Kongo, wato reshen jami'ar da ke nan Zariya, ita da malaminta, suka zauna a kan tabarma suna buɗa takardun kakana ɗaya bayan ɗaya, da hannu biyu, suna mamakin yadda tsoho ya yi wannan aiki a zauren ƙasa. Ina daga gefe ina jin daɗi, ina kuma kewarsa, da ma yana nan ya sha tambayoyinsu, ya kuwa mayar musu da ninkinsu. Da suka zo ɗaurin ƙasar Hindu suka ce nan ne ya fi daraja a littafin duka. Na gode wa Allah dai da ya tayar da ni daga gindin tsamiyar nan.