Na'a-na'ar Maharazu a Bayan Bene

Maharazu mutumin Kura ne, a lambu ya tashi. Tun bai kai tsawon fartanya ba ya iya kora ruwa cikin fangali. A 1997 wani ɗan kasuwa ya kawo shi Guangzhou ta ƙasar Sin don ya riƙa ɗaure masa dilolin kaya a kasuwar Baima, shi ke nan ya zauna. Ya saba da komai na garin, ban da shayin da babu na'a-na'a.

Bayan benen da yake haya a unguwar Dengfeng akwai wani ɗan fili mai inuwa, rana ba ta leƙa shi sai da azahar. Mai gidan, wata tsohuwa Madam Liang, ta riga ta yi magana da mai siminti ya zo ya shafe wurin. Da hannu da ka da ɗan Sinancinsa na kasuwa Maharazu ya roƙi wata biyu don ya dasa na'a-na'a. Ta yarda, amma in wurin bai yi kore ba, siminti.

Ya samo rassa wurin wani Musulmi mai gidan abinci, ya yi yadda ya gada: ya haƙa fangali masu zurfi, ya tayar musu da baki kada ko ɗigo ya tsere, ban ruwa safe da yamma. Sai ruwan watan Mayu ya sauko, kwana tara ba ɗaukewa. Wuri ya zama kududdufi, saiwa ta ruɓe, sauro ya tare.

Dogara, abokin ɗakinsa, ya leƙo ta taga. "Sarkin noma, shayi za mu sha ko kifi za mu ci?"

"Kai dai bari. A Kura da yanzu ana roƙona iri."

Madam Liang ta sauko, ta dubi ruwan, ta ce, "Meyo!" wato babu. Ta karɓi shebur ta fasa bakin fangali ɗaya, ta tara ƙasar ta yi tudu irin kunyar gona.

Maharazu ya riƙe baki. "Kunya! Iya, ashe noman damina ake yi a nan!"

Ya ƙaro rassa, ya dasa a kan kunya, ya daina ban ruwa. Wannan ya fi ba shi wuya. Kullum da safe sai ya ɗauki bokiti, ya tuna, ya ajiye.

Ranar da mai siminti ya zo, na'a-na'a ta yaɗu amma ba ta gama rufe ƙasa ba. Tsohuwar ta taka ciki, ƙamshi ya tashi. Ta tsinki ganye ta murza, ta daɗe tana shinshinawa. Sannan ta nuna wa mutumin 'yar hanyar da ke bin bango. Ita kaɗai ya shafe, ya tafi da sauran buhunsa.