Bokitin Gwaggo

Mu biyu ne daga gidanmu muka zo Saudiyya neman abinci, ni da ɗan gwaggona. Ni direba ne a Riyad, ina jan wasu Larabawa a unguwar Badi'a, in kai uwargida kasuwa, in tsaya a rana ina jiran ta gama zaɓen labule. Shi kuwa yana can gabas, garin da ake haƙo mai, kuma tun ranar da ya aika gida da hotonsa sanye da farar hular kwano aka daina kiran sunansa. Injiniya ake cewa. Har limamin unguwarmu in zai sa masa albarka Injiniya yake cewa.

Abokin wasana ne, tunda uwarsa ƙanwar babana ce, tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa. Amma da ya zama Injiniya sai wasan ya koma gefe ɗaya. In ya shigo Riyad mukan haɗu a wani gidan abinci a unguwar Ulaisha inda ake tuwo da miyar kuka. Zai zo cikin farar jallabiya yana ƙamshi, ba zai ba ni hannu ba, sai dai ya rungume ni irin na Larabawa, ya ce, "Direba, ina ka ajiye motar maigida?" Tuwon ma da cokali yake ci, wai haka suka saba a kamfani. Na sha cewa zan je in ga ofishinsa, ya ce wajensu ba a shiga sai da takarda. Ba zan ɓoye ba, abin yana cina.

Da na je hutu gida, ana gobe zan dawo Gwaggo ta kira ni ɗakinta. Ta turo mini wani ƙaramin bokitin roba, an naɗe shi da tsohon zane an ɗinke bakin da zare.

Ta ce, "Na Injiniya ne. Ba aike za ka yi ba, ba kuma jira za ka yi ya zo ba. Ka je inda yake, ka sa masa a hannu, ya buɗe a gabanka. In ka dawo ka kira ni."

Na ce, "Gwaggo, wajensu sai da takarda."

Ta ce, "Kai ba ka da baki ne?"

Ko da na dawo na sanar da shi a waya, ya ce in ajiye, yana nan tafe bayan salla. Na ce to. Satin nan kafil ɗina, wato maigidan da takardar izinin zamana ke hannunsa, ya kwashi iyali suka yi tafiya, na sami kwana uku. Mai gidan abincin nan na Ulaisha, wanda babu Bahaushen da bai san inda yake kwana ba, ya rubuta mini sunan sansanin ma'aikatan a bayan takardar burodi. Ban gaya wa Injiniya ba. So nake in faɗo masa kwatsam, in ga ko da gaske ofishin yana da kujera mai juyawa.

Sai na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Na ce ba zan je gaban Injiniya a direba ba. Na fito da babbar rigata ta shadda wadda ta sha bugu, na kafa hula zanna, na ɗauki bokiti na shiga bas.

Tun daga nesa ake gane garin. Fili ne fetal, ba tudu ba bishiya, sai bututu a kwance a kan yashi iyakar ganinka, da manyan tankuna, da dogayen ƙarafa wuta na ci a kansu da rana tsaka. Harshen wutar ma ba a miƙe yake ba, a kwance yake gefe ɗaya. Ban gane dalili ba sai da na sauka. Iska ce, ba ta tasowa ta lafa irin ta gari, turi take yi ba hutawa. Kowa na gani kayansa a tsuke suke, fuska a naɗe. Ni kaɗai ne na zo da yadi goma.

Mai gadin sansanin, wani Basudane, ya kalli rigata ya kalli sama, ya ce Allah ya taimake ni. Ya ce ɗan Nijeriya yana kan hanyar tankuna, suna aikin yashi. Na ce a raina, wato ya fita duba leburori. Mai tasi ya sauke ni a bakin hanyar.

Ina fitowa iska ta shige ta hannun rigar ta cika ta tim. Na dafe gaba, baya ya tashi ya rufe mini kai. Na saki gaba don in ceci baya, hula ta tafi. Ga bokiti a hannu ba damar ajiyewa. Ina jin mutane wajen goma masu shebur sun daina aiki suna dariya cikin yare kala-kala. Hular tana ta gangarawa a kan kwalta, sai wani ya tare ta da bakin shebur, ya karkaɗe, ya kawo mini. Hular kwanonsa rawaya ce, fuskarsa a naɗe da ƙyalle, idanu jajur. Ya miƙo ya ce da Larabci, "Tafaddal, ya..." Sai ya tsaya.

Na kalli idon, na kalli shebur.

Na ce, "Injiniya, ina ka ajiye ofishin?"

Allah ya gafarta mini, daɗin da na ji a lokacin nan ban taɓa jin irinsa ba. Shekara biyar ana ce mini direba. Ashe aikinsa ke nan, iska ta kwaso yashi ta rufe hanya, su kwashe, kafin su kai ƙarshe ta sake rufe farko. Farar hular ta wani injiniya ɗan ƙasar Filifin ce, ya ara ya ɗauki hoto.

Da aka tashi cin abinci muka raɓe a bayan wata kwantena. Ya ce, "Don girman Allah kar Inna ta ji. Duk unguwa ta gama faɗa. In ta ji, kunyar ba ni za ta kashe ba, ita za ta kashe."

Na ce, "Sai na yi tunani. Fara cewa ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ranka ya daɗe."

"Ban ji ba, iska ta yi yawa."

Ya maimaita. Na sa ya ce shi bawana ne, ya faɗa. Na sa ya ce tuƙi sana'a ce mai daraja, ya faɗa yana cije baki. Sannan na tura masa bokitin na ce umarnin Gwaggo ne ya buɗe a gabana.

Da ya cire safar hannu don ya tsinke zaren, sai dariyar ta maƙale mini. Tafin hannun duk ya tsage, wani wajen har da busasshen jini. Nan na gane cokalin. Yajin miya ne ba ya iya taɓawa.

Mun zaci kilishi ne. Muka tarar da man kaɗanya curi huɗu, da tandun kwalli, da ƙullin bagaruwa. Ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Tsohuwa ke nan. Me Injiniya zai yi da man kaɗe?" Amma tun kafin in tashi ya lakata ya murza a hannu.

A bas na shirya ƙaryata tsaf, har da kujera mai juyawa da na'urar sanyi. Ina isa ɗakina a unguwar Suwaidi na kira Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, na ga Injiniya. Ofis ɗin nan, in kin ga..."

Ta ce, "Ya shafa?"

Na ce, "Shafa me, Gwaggo?"

Ta ce, "Ubansa shekara talatin yana kwaɓa ƙasar gini, ni nake jiƙa masa bagaruwa. Duk hoton da yaron nan ya aiko, hannunsa na aljihu. Kuma ban taɓa ganin mai zaman ofis da jan ido haka ba."

Na ce, "To Gwaggo, me ya sa kike ce masa Injiniya?"

"Shi yake so. Yana can cikin iska yana kwasar wahala, in hana shi wannan ɗin ma?" Ta ɗan yi tari. "Kai kuma na san bakinka. In ka gaya masa na sani, ban yafe ba."

Na zauna a bakin katifa, ga rigar shadda a ƙasa cike da yashi. Na samo abin tsokanar da zai ishe ni har tsufa, an ɗaure mini baki ta gaba da baya. Haushi ya kama ni, hawaye kuma ya zo, ban san na wanne ba ne.

Bayan salla ya zo Ulaisha cikin farar jallabiya. Mutane na zaune ya ce, "Direba, ina motar maigida?" Na ce tana gida, Injiniya. Aka kawo tuwo, na ga ya ture cokalin gefe ya sa hannu.