Na Ɓoye Ƙunar 'Yar Riƙona

Gaisuwa gare ku da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru, ni mai suyar ƙosai ce a bakin wani lungu a Zongon Kwatano ta ƙasar Benin, na daɗe da aure ban taɓa ko ɓari ba. Maigidana direban babbar mota ne, ya fi zama a hanya fiye da gida. In na sauke kasko na koma ɗaki, ba mai ce mini sannu sai rediyo. Da ƙanwata da ke Najeriya ta ga halin da nake ciki, sai ta ba ni riƙon 'yarta, kamar yadda ake yi wa wadda Allah bai ba haihuwa ba. Yarinyar akwai surutu, nakan ce ta rage na gobe, alhali ba na so ta yi shiru.

Wata safiya na bar ta gefen kasko na shiga ɗauko ƙullu, tafasasshen mai ya zubo mata a hannun dama. Maƙwabciyata ta ce mu hau babur mu tafi asibiti, na ce ai ƙunar kaɗan ce. Gaskiya tsoro ne ya kama ni. A Zongo magana ba ta kwana, ga 'yan kasuwarmu kullum suna hanyar gida Najeriya. Na san labari zai kai wa dangi, a ce juya ba ta iya riƙo ba, a karɓe ta. Na shafa mata man goge baki, na naɗe da tsumma, na hana ta zuwa makaranta. Na kuma gaya mata in aka ji za a raba mu, sai ta riƙa danne kukanta saboda ni. Wannan ya fi komai ci mini rai har yau.

Malamarsu ce, da ta ga yarinyar ta daina zuwa ta kuma ji labarin ƙunar, ta sanar da wata ƙungiyar jinƙai mai kare yara. Mata biyu suka zo, ɗaya tana jin Hausa. Na tare ƙofa ina masifa, ta ce ba kama ni suka zo yi ba, hannun kawai za su duba. Da aka kwance tsumman, ni kaina sai da na kau da kai. Suka kai yarinyar asibiti, suka ajiye ta a gidan ƙungiyar da ke unguwar Akpakpa, amma yatsu biyu sun riga sun lalace. Ƙanwata ta zo ba ta zage ni ba. Ta ce ƙuna ƙaddara ce, ta yafe, amma ba za ta bar 'yarta wurin wadda ta ɓoye mata ba. Ta tafi da ita.

Daga baya na gane ba yarinyar nake karewa ba, kaina nake karewa daga kaɗaici da bakin mutane. 'Yan'uwana masu riƙo, in yaro ya ji ciwo ku kai shi asibiti nan take, ku gaya wa iyayensa da bakinku, kada kuma ku kori masu zuwa taimako. Har yanzu yarinyar takan kira ni a waya, tana ce mini Inna. Kwanan baya ta ba ni labari cikin murna, wai ta iya rubutu da hagu.