Kuɗin Malam a Tudun Wada

Masana sun daɗe suna auna wayewar al'umma da tsayin gine-ginenta da yawan littattafanta. Ni kuwa, bayan shekarun da na yi ina shaƙar alli a gaban allo a Bebeji, na tabbata ma'aunin gaskiya shi ne abin da mutum yake yi tsakanin wanke hannu da tashi daga teburin mai abinci. Wannan ra'ayi a wata bita na ɗauko shi bara, a babban birni, inda na ga mutane suna barin ɗan kuɗi a ƙarƙashin faranti domin wanda ya kawo musu abinci. Na dawo da shi gida yadda ake dawowa da mura, ina neman wanda zan shafa wa.

Mun tashi da asuba ranar Asabar, za mu Doguwa ta'aziyyar yayan tsohon shugaban makarantarmu. Mu uku ne: ni, da abokin aikina mai koyar da lissafi, da ƙanin matata, wanda motar tasa ce, kuma ba ya barin a manta da hakan. Damina ta zo ƙarshe. Masara ta fi mutum tsayi dama da hagu, ramukan titi kuwa sun sha ruwa sun ƙoshi, ba ka sanin zurfinsu sai ƙugunka ya faɗa maka.

A Kwanar Dangora taya ta sace. Mai faci bai fito ba, aka ce ya leƙa gona, sai muka zauna a bencin mai shayi muna kallon manyan motoci suna karya kwana. Burodi ya ƙara kuɗi ya rage jiki, har malamin lissafi ya ɗaga yankansa ya hango hasken rana ta ciki. Wata Bafulatana ta sauke ƙwarya, muka sa ta dama mana fura. Da ta gama aunawa sai ta ƙara ludayi guda na nono, ba wanda ya roƙe ta. Wannan shi ne gyara, kuma a nan ya kamata in lura cewa a ƙasarmu ƙari daga mai sayarwa yake gangarowa zuwa mai saye. Ban lura ba. Hankalina yana kan taya.

Sai dab da azahar muka shiga Tudun Wada, injinan casar shinkafa suna ta ruri, cikinmu yana amsa musu. Muka faɗa rumfar wata Hajiya a bakin titi. Tsarinta ɗaya ne, kowa ya san shi: ita ke zuba abinci, ita ke karɓar kuɗi, ba hannun da ke shiga tsakani. Mai kai kwanuka teburi wani magidanci ne mai suna Ɗanjuma, gemunsa ya fara furfura. Ban taɓa ganin mai hidima irinsa ba. Ya kawo ruwan wanke hannu kafin mu tambaya, ya goge bencin da hularsa, ya lura malamin lissafi yana hawaye saboda yaji ya canza masa miya ba tare da ya kunyata shi ba. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, kuma ban da abin da ya biyo baya da na ce shi ne mafi daɗin abin da ya same ni a tafiyar.

Na biya Hajiya kuɗinta cif. Sannan wayewa ta motsa. Na ji nauyin barin kuɗi a ƙarƙashin kwano kada abokan tafiyata su yi mini dariya har Doguwa, don haka na naɗe takardar kuɗi guda, na miƙa wa Ɗanjuma hannu kamar sallama, na cusa masa ita a tafin hannu. Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa gira irin ta manyan mutane, na shige mota.

Dajin Falgore mun ratsa shi kowa yana jan carbinsa a zuci saboda tsoron 'yan fashi. Bayan dajin ƙasa ta fara tudu, duwatsu suka fito, iska ta yi sanyi. A Doguwa muka yi ta'aziyya, aka yi addu'a, aka hana mu juyowa. Wani maƙwabci ya aiko mana da tuwon masara, na ba wanda ya kawo shi tukwici, kowa ya ga daidai ne, ba wanda ya ɗaga kai. Na kwana a tabarma bayana yana ƙorafi, amma raina fes: ga hujja, ashe abin da na yi a Tudun Wada yana da asali a al'adarmu.

Washegari muka juyo. Tun kafin mu tsaya a rumfar Hajiya na hango mutum ya taso daga gindin mangwaro a tsallaken titi yana ɗaga hannu biyu. Ɗanjuma ne. Idonsa ya yi ja.

"Malam, Allah ya kawo ka. Tun jiya nake nan, duk motar da ta fito daga daji sai na leƙa ta."

Abin da ya faru shi ne, Hajiya ta ga shigar kuɗin aljihunsa. A iya saninta, hanya ɗaya ce kuɗin baƙo ke bi ya isa aljihun mai kai kwano: ya ƙara wa baƙon nama a ɓoye, ya karɓi kuɗin. Ta ƙwace takardar, ta sallame shi a gaban mutane. Ya rantse kyauta ce. Aka yi masa dariya, domin wa ke yi wa mutum kyauta a ɓoye don ya kawo masa abincin da ya riga ya biya? Iyalinsa da wannan aikin suke ci kafin masara ta bushe, kuma a garin da kowa ya san kowa, wanda aka kora da sunan ɓarawo ba rumfar da za ta sake ɗaukarsa. Shaidarsa ɗaya ce a duniya, ita ce ni, ga shi ko sunana bai sani ba.

Muka shiga. Hajiya tana zuba miya, ba ta ɗago ba.

"Hajiya, barka da aiki. Ni ne na ba shi kuɗin nan, da hannuna."

"Na me?"

"Tukwici ne."

"Aiken wa ya kawo maka? Ni na aiko shi da kyauta, ko saye ka yi?"

Ƙanin matata ya ce, "Yaya, amsa mata mana, ai kai ne malami."

Na gyara tsayuwa na shiga darasi. Na bayyana mata cewa a manyan birane ana yaba wa mai hidima da ɗan abu, kuma wannan alamar ci gaba ce. Ta dube ni yadda nake duban ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa aikin gida. Ganin ba ta gamsu ba, sai na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba, wanda shi ne ciwon malamai. Na ce a manyan otal-otal ma ba a jiran ganin damar baƙo, gidan da kansa yake ɗora wani abu a kan kuɗin abincin, a kira shi kuɗin hidima.

A nan ta ajiye ludayi.

"Gidan ne ke ɗorawa?"

"Gidan ne."

"Kuma su biya? Ba sa tambaya?"

"Kunya ke hana su, Hajiya."

Ta gyaɗa kai kamar ɗalibar da ta gane darasi. Sannan ta juya ta ce, "Ɗanjuma, ɗauki kwanukan can, sun taru. Allah ya wanke ka." Ta faɗa da ƙarfi, yadda na waje za su ji, ta kuma ciro takardar daga lalitarta ta miƙa masa. Ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. Sai da ta ce a gaban shaidu take ba shi sannan ya karɓa.

Muka zauna cin abinci, tunda an yi sulhu. Ɗanjuma ya yi wa kowane tebur hidima ban da namu. Ya gaishe ni daga nesa da girmamawa, hannayensa a bayansa. Ni na ɗauko ruwan wanke hannuna da kaina. Da na je biya, kuɗin ya ɗara na jiya.

"Hajiya, tuwon ya tashi ne cikin dare?"

"Tuwo yana nan yadda yake, Malam. Kuɗin hidima ne."

Malamin lissafi ya fita waje don ya yi dariyarsa a sarari. Na biya. Ban tambaya ba.

Mun iso Bebeji bayan la'asar, a gajiye, motar tana wani sabon kuka da ba ta tafi da shi ba. Na kwanta ina tattara darussan tafiyar, kamar yadda ya wajaba a kan matafiyi mai ilimi: cewa alheri yana da ƙofar da yake shiga a kowane gari, cewa kyautar da aka yi a ɓoye tana iya zama tuhuma a aljihun talaka, cewa malami ya riƙa tsayawa a iyakar tambayar da aka yi masa. Na kuma yi wa kaina ta'aziyya da cewa ko ba komai mutum ya koma bakin aikinsa, kuma wataƙila ƙarin nan zai riƙa isa gare shi.

Ƙanin matata ya sake bi ta Tudun Wada a makon jiya. Ya ce rumfunan da ke layin duk sun ɗauki salon kuɗin hidima, direbobi suna zagi suna biya, kuma sunan abin a garin yanzu kuɗin Malam. Albashin Ɗanjuma yana nan yadda yake.