Kawu Waƙafi da Matar Nan Mai 'Ya'ya Casa'in da Tara

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Kawu Isiyaku a nan Bauchi ya san ba ya taɓa kwamfuta sai ya yi mata sallama. Zai gyara zama, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya ce, "Salamu alaikum, Hajiya. Yau da rigima ko da zaman lafiya?" Mu yi ta dariya, shi ko a jikinsa.

Shekara talatin ya yi yana yawon ƙauyuka da takardun tambayoyi, yana lissafi da fensir, har ya yi ritaya. Ni kuwa, Rakiya 'yar ƙanwarsa, a lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a can Gubi. Aka ce sai na nazarci amsoshin da na tattaro daga gidajen Tirwun da wani yaren kwamfuta na ƙididdiga mai suna R, in ba haka ba babu kammalawa. Na zo masa ina hawaye. Ya ce, "Yaren da sunansa harafi ɗaya ne shi ya sa ki kuka? Ni da na iya Fulatanci da Jarci? Matso, tare za mu koya."

Wai tare! Sai ya rubuta umarni a bayan tsofaffin takardun tambayoyi tukuna, sannan ya buga da yatsa ɗaya. In ya tsaya tunani kuma sai ya rufe kwamfutar, wai kada haskenta ya ƙare a banza.

Ranar da na fara fitar da matsakaicin yawan 'ya'ya, na zo da murna na ce, "Kawu, ya fito! Kowace mace 'ya'ya goma sha tara." Ya dube ni ta saman tabarau, ya bi jerin lambobin da yatsa, ya tsaya. Ya ce, "Ɗauko mayafinki."

"Ina za mu?"

"Barka za mu. Ga baiwar Allah nan mai 'ya'ya casa'in da tara. Kai, ga wata ma! Tirwun ta yi albarka!"

Ashe ƙawata da ta taya ni shigar da amsoshin, duk wadda ta ƙi amsawa sai ta sa mata casa'in da tara. Kawu ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Hajiya ba ta ƙarya, amma ba ta taɓa shiga gidan suna ba. Ke da kika shiga, ki riƙa duba mata."

Sai dai shi ma ranarsa ta zo. Kwana uku kwamfuta na fito masa da jan rubutu mai nuna kuskure, shi kuma yana mayar mata da martani. "Ni kike wa ja? Na girmi ubanki!" Na ce ya bari in duba, ya ce tsakaninsu ne. Rana ta huɗu ya rungume ta sai shagon Madam Ngozi mai buga takardu kusa da Kasuwar Muda Lawal, wai a tabbatar masa na'ura ta lalace. Madam ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Baba, ba ya lalace ba. Ka manta wannan ƙaramin abu mai wutsiya." Waƙafi ɗaya! Kawu ya gyara tabarau ya ce, "Na gani tun shekaranjiya. So nake in ga ko Hajiya za ta yi mini kara." Daga ranar sunan Kawu Waƙafi ya bi shi har masallaci.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta wata tsohuwa da ba a rubuta shekarunta ba. Na ce mu cire layinta kawai, umarni ɗaya ne. Haba! Kawu ya miƙe tsaye. "Ki cire mutum? Ta ba ki tabarma, ta ba ki ruwa, ki goge ta?" Ya buga tsohon babur ɗinsa sai Tirwun. Bayan la'asar ya dawo da ƙwan zabi a cikin hula. Na ce, "Shekarunta nawa?" Ya ce, "Ta ce an haife ta shekarar da ƙanen babanta ya sayi jaki."

"To me zan rubuta?"

"Bar shi babu. Amma yanzu babun da muka sani ne."

Ranar da na kare aikina a gaban malamai na ci, na kawo masa littafin da gudu. Ya juya shafuka, ya ce, "Teburinki na uku ya karkace." Shi ke nan. Sai bayan rasuwarsa, da daminar da ta biyo, abokan zamansa suka gaya mini a wurin gaisuwa cewa mako guda ya yi yana yawo da littafin nan a cikin babbar riga, yana tare mutane a hanya yana cewa, "Ku taɓa, aikin 'yata ne."

Allah Ya jiƙan Kawu Isiyaku, Ya yafe masa kurakuransa manya da ƙanana, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Amin.